Likitan Dabbobi Na Amsa Muku: Shanu Goma Sha Biyu, Biyu Suka Ɗauka

Assalamu alaikum. Tun da aka gama hidimar Babbar Sallah wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata kan abu guda: ɗura wa saniya irin bijimi da hannu, abin da 'yan boko ke kira barbarar zamani, makiyaya kuma suke ce masa allurar ciki. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya leƙa kara bana ya ga kuɗin da aka zuba a kan manyan bijimai, ya koma gida ya dubi nasa, dole ya kwana yana lissafi. Na tsamo guda bakwai na rage musu tsawo. Masu tambayar kaji da tumaki ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Likita, ina da gona a hanyar Gezawa da fararen shanu mata goma sha biyu. A watan Afrilu na kawo wani ya yi musu allurar ciki duka a rana ɗaya, na biya kuɗin iri da na aiki. Biyu kacal suka ɗauka. Yaron da ke kiwon ya ce ruwa aka ɗura musu. Cutata aka yi ko kuwa? Daga wani Alhaji, Kantin Kwari.

Amsa: Alhaji, ban ga abin da aka ɗura ba, saboda haka ba zan rantse wa mutumin ba, ba kuma zan ɗora masa laifi ba. Amma abu biyu a wasiƙarka sun tsaya mini a rai: "rana ɗaya" da "Afrilu".

Saniya ba kullum take karɓar ciki ba. Duk bayan kwana 21, wani lokaci 18, wani lokaci har 24, takan nemi sa, kuma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Littafi ya ce awa 12 zuwa 18, amma da shanun Turawa aka rubuta littafin. Namu masu tozo nasu ya fi gajarta, kuma sun fi yi da dare ko gab da asuba, lokacin da yaron kiwo ke sharar barci. Ƙwan haihuwa yakan fito kamar awa 10 zuwa 12 bayan ta daina tsayawa a hau ta, shi kuma irin da aka narkar da kyar yake kai kwana guda da ƙarfinsa a cikinta. Shi ya sa muke da ƙa'ida: wadda aka ga ta tsaya da safe a ɗura mata da yamma, wadda aka gani da yamma a ɗura mata washegari da sassafe. To yi lissafi irin naku na kasuwa. Shanu goma sha biyu, kowacce da ranarta cikin kwana 21, yaushe za su haɗu a yini guda? Idan mutumin saukowa kawai ya yi daga mota ya ce a kamo su ɗaya bayan ɗaya, to biyun da suka ɗauka ma sai ka yi sadaka.

Ana iya haɗa su, amma da shiri. Akwai allurar firostagilandin da ake yi sau biyu, tsakani kwana 11, sai akasarinsu su nemi sa cikin kwana 2 zuwa 5 bayan ta biyun. Akwai kuma wata 'yar roba mai ɗauke da sinadarin riƙe ciki da ake sanya wa saniya a gabanta, ta yi kwana 7 ko 8 a ciro, a haɗa da wasu allurai, a ɗura a sa'ar da aka tsara ko an ga alama ko ba a gani ba. Da wannan dabarar mutanen Barazil ke yi wa garkunansu, kuma nasu ma masu tozo ne. Ko wacce aka bi, sai likita ya taka gonarka sau uku ko huɗu. In naka sau ɗaya ya zo, ka samu rabin amsarka.

Sai Afrilu. Kai ma ka san Afrilun Kano. Zafi ya haura digiri 40, harawa ta yi tsadar da sai an yi shawara kafin a saya, karan dawa ya zama itace, saniya kana ƙirga haƙarƙarinta tun daga bakin shinge. Jikin dabba yana da yadda yake rabon abinci: ranta tukuna, sannan nonon ɗan da take shayarwa, haihuwa ce ta ƙarshe. Ramammiyar saniya ma'ajiyar ƙwanta rufewa take yi ɗungurungum. Na sha sa hannu in taɓa in ji su ƙanana, sumul kamar ƙwayar wake, babu komai a kansu. Irin wannan ko bijimin gidan sarki aka kawo mata ba za ta ɗauka ba, allurar firostagilandin ma ba ta da abin da za ta kama a jikinta. Muna auna ƙibar saniya da maki 1 zuwa 5. In ba ta kai 2 da rabi ba, ni ba na ma buɗe tulun da ake ajiye irin a ciki. Ga zafin shi kansa, yana kashe ɗan tayi tun a kwanakin farko, mai saniya bai ma san an yi ba.

Lokacinmu a nan Satumba ne zuwa Nuwamba, sun ci ɗanyar ciyawa sun murmure, gari ya fara sanyi. Cikin saniya kwana 283 ne a lissafi, namu sukan ɗan ƙara. Wadda aka ɗura wa a tsakiyar Satumba za ta haihu ƙarshen Yuni, ciyawa ta fito, uwa na da abin yin nono. Wadda ta haihu kuma a ba ta aƙalla wata biyu kafin a sake taɓa ta.

Yanzu ga abin da za ka tsaya ka gani da idonka in an dawo. Tulun iri na ƙarfe ne mai bango biyu, cike da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. In an buɗe za ka ga farin tururi yana gangarowa kamar hazon hunturu. Ka ce a zura sanda a auna; za ta fito da farar ƙanƙara daidai inda ruwan ya tsaya. Tulun da ya ƙafe, ko na yini ɗaya ne, duk abin da ke ciki ya tashi aiki, kuma mataccen iri da mai rai kamarsu ɗaya a ido. Irin yana cikin wani siririn tsinke na roba da bai kai ɗani ba, cikinsa rubu'in mililita ko rabi. A jikinsa an buga sunan bijimin da jinsinsa da lambarsa da ranar da aka ɗebi irin. In an gama ka karɓi tsinken ka karanta ka adana, shi ne rasiɗinka.

Mai aikin kirki ba ya ɗago kwandon tsinkayen ya wuce wuyan tulu. Da hantsaki zai zaro ɗaya cikin 'yan daƙiƙu ya jefa a ruwan ɗumi na filas, digiri 35 zuwa 37, da ma'aunin zafi a ciki, ya dubi agogo ya ba shi daƙiƙa 30 zuwa 45. Na taɓa ganin wanda ya narkar da tsinke a hammatarsa, na ga wanda ya tsoma a kofin shayin da aka kawo masa. Daga nan sai ya goge tsinken tas, don ɗigon ruwa kaɗai yana kashe iri, ya sa a bindigar ɗuri, ya datse bakin, ya zura mata sabuwar rigar roba. Minti 10 yake da shi daga nan. Hannun hagu cikin doguwar safar leda zai shiga ta dubura, ya lalubo bakin mahaifa ta bayan fatar hanji ya kama. Abu ne mai tauri kamar wuyan zabo, da zobba uku ko huɗu a ciki. Dama kuma ta tura bindigar ta gabanta. Ba bindigar ake cusawa ba, bakin mahaifar ake lanƙwasowa sannu a hankali ana sanya shi a kanta, zobe bayan zobe, har ka ji kan ƙarfen ya taɓo ɗan yatsanka a ɗaya gefen. Nan ake zuba irin, ana ƙirga biyar. Na shanunmu, musamman tsofaffin da suka yi haihuwa da yawa, yakan karkace, sai an yi ta lallami. Wanda ya gaji ya juye a bakin ƙofa ya zare hannu, kai ba za ka sani ba, saniya kuma ba ta magana.

Kuma kada kowa ya yi wa saniyarka allurar daidaita lokaci bai sa hannu ya duba ciki ba. Wannan da kaina na koya. Ina sabon fitowa aiki aka kira ni wata gona a hanyar Bichi, ranar Juma'a, ina sauri in samu masallaci. Mai gonar ya rantse mini shekara guda babu san da ya kusanci shanunsa. Na yarda, na bi guda takwas na tsira musu firostagilandin. Kwana huɗu aka bugo mini waya, wata jar saniya ta zubar da ɗan wata huɗu. Ashe bijimin maƙwabci kan tsallako da dare. Allurar zubar da ciki take yi, na kuma sani tun a aji. Ni na zubar da wannan cikin, ba mai gona ba, ba bijimi ba. Don haka ma mace mai juna biyu da mai ciwon asma ba sa taɓa kwalbar.

Shi kuma yaron da ya ce ruwa aka ɗura, ka jawo shi a jiki, domin rabin aikin a idonsa yake. Rabin awa bayan sallar asuba, rabin awa kafin magariba, ya tsaya ya kalli shanun kawai. Alamar da ba ta ƙarya ita ce saniya ta tsaya cak 'yar'uwarta ta hau ta. Sauran, kuka da rashin natsuwa da farin yauƙi mai ja kamar na kuɓewa, taimako ne. Ku shafa musu shuni a gindin wutsiya. Wadda aka wayi gari nata ya goge, an hau ta da dare. In ya ga ɗan jini a wutsiya, an makara da kwana biyu, ya ƙirga kwana 18 ya sa ido. Ka sa masa kati a waya, ka yanka masa tukuici a kan kowace saniyar da ya gano.

In duk an yi wannan, rabi ake sa ran su ɗauka a zagaye ɗaya, a ɗan haura ko a ɗan gaza. Wanda ya ce maka goma cikin goma, dafe aljihunka. Kada ka sayar da bijiminka. Bayan mako biyu da ɗuri ka sake shi ya kwashe ragowar. A duba ciki da na'urar sikanin a kwana 30, ko da hannu a wata biyu.

Tambaya: Na gama jami'a ba aiki, mahaifina ya ba ni karsana biyar in fara kiwon nama. Abokina ya ce in sa musu irin Firiziyan don su ne manyan shanun Turawa. Me ka gani? Daga wani matashi, Rijiyar Zaki.

Amsa: Ɗana, abokinka ya haɗa ka da mai sayar da nono alhali kai fawa za ka yi. Firiziyan, masu baƙi da farin nan na ƙasar Holan, an yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓensu don nono. Abin da suka ci hantsa yake tafiya, ƙashi ne dogo ba tsoka, ga rashin jure rana. Wannan kuskuren ya yi yawa a Kano saboda yawancin irin da ke yawo a tuluna na masu madara ne, mai tulu kuma abin da yake da shi zai yaba maka.

Na nama daban suke. Akwai Simental na Suwizalan, wanda ke ba da nama da nono. Akwai Sharole na Faransa, fari ƙato. Akwai Angus na Sikotilan, baƙi mara ƙaho. Akwai Bonsmara na Afirka ta Kudu, ja, wanda aka haɗa musamman don ƙasa mai zafi. Sai Birahman, wanda Amurkawa suka fitar daga shanun Indiya masu tozo, da ɗan'uwansa Nelore na Barazil. In ni ne kai a Kano, Birahman zan fara nema. Yana da tozo, fatarsa sakwa-sakwa ce mai fitar da gumi, kaska ba ta cin galabarsa kamar na Turai, ɗansa kuma in ya shiga kara ba a yi masa kallon baƙo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai sayen san layya da ido yake saye, tozo yake kallo da tsayi da ƙaho. Manomin da zai sayi ɗan bijimi don huɗa ma tozon yake so, nan karkiya ke tokarewa. Baƙin Angus mai gashi ka tsayar da shi a ranar Mayu, tausayinsa za ka ji.

Kada kuma ka raina na gida. Bokolon Sakkwato sa ne mai faɗin baya da cikar cinya, kuma zaɓaɓɓen Bokolo a kan farar saniya yana ba da ɗan da ba ya neman fanka.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kalmar karsana. Ɗan farar saniya yakan zo duniya da kilo ashirin da 'yan kai. Ɗan Simental ko Sharole a ƙasarsu yana haura arba'in. Ruwa-biyu yakan faɗo a tsakani, amma ga karsanar da ba ta taɓa haihuwa ba, ƙugunta bai buɗe ba, wannan tsakanin ma ya isa ya maƙale. Na sha fita ƙarfe biyun dare da fitila a baki, ƙafafu biyu sun leƙo kai ya ƙi, mutane huɗu sun riga sun ja da igiya tun magariba har sun yaga uwar. A haihuwar fari ka sa musu Bokolo ko wani bijimin da aka san 'ya'yansa ƙanana suke zuwa, kuma kada a ɗura wa karsana sai ta kai kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta. Manyan irin ka bari sai haihuwa ta biyu.

Sannan ka tsaya a rabin jini in da na Turai ka haɗa. Haɗin farko shi ne mai albarka, ya ɗauko girman uba da juriyar uwa. In ka sake ɗura irin Turai ga 'yar da aka haifa, jikar ta zama kashi uku cikin huɗu baƙuwa, sai kirci da kaska da haki su same ka a gida. Kada kuma ka bar ɗan ruwa-biyun ya hau ƙannensa don ya yi maka kyau. Shi ɗan maraƙin nan kuma ciki ne da shi. In ba ka tanadi harawa da dusa da angurya tun kaka ba, a rani zai fi na gida ramewa, don na gida ya saba.

Tambaya: Ina ɗaure shanu biyu a gida duk shekara in sayar da Sallah. Na ji ana maganar allurar zamani mai sa shanu girma, nawa ake yi? Daga wata Hajiya, Yakasai.

Amsa: Hajiya, wannan allurar ba taki ba ce, ta mata ce masu haihuwa, amfaninta kuma sai bayan shekara uku ake ganinsa a kara. Ke kiwon turke kike yi, ribarki a wajen saye take. Ki aika wanda ya san shanu Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi ya zaɓo miki mai dogon jiki da faɗin ƙashi wanda yunwa ce kawai ta ramar da shi. A ba shi maganin tsutsar ciki da na hanta, a wanke kaska, ki ba shi wata uku zuwa huɗu a kan dusa da harawa da kowa, ga ruwa da gishiri a gabansa. In wani ya zo miki da allurar ƙiba, ki sallame shi. Ruwa take tara wa sa a jiki, mahauta kuma sun gane, suna dannawa da yatsa.

Tambaya: Shin wannan aiki ya halatta a Musulunci? Kuma ana layya da san da aka samu ta haka? Daga wani malamin makaranta, Gwale.

Amsa: Allah gafarta Malam, fatawa ta fi ƙarfina, amma da yake an sha tare ni da tambayar a bakin garke, na bi malamai na tambaya, ga abin da na riƙe. Maganar nasaba da ta sa aka tsananta a kan ɗan Adam babu ita ga dabba. Ba a ɗaura wa saniya aure, ɗanta ba ya gado. Sukan kawo misalin barbarar dabino da mutanen Madina ke yi da hannu, wadda hadisinta ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya bar musu sanin sana'arsu. Inda maganar ta yi rassa wajen kuɗi ne. A Bukhari akwai hadisin Ibnu Umar da ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba. Malikawa sun ɗauki hanin a kan cinikin abin da ba a da tabbacinsa, kamar a ce an yi haya har sai ta ɗauka, suka halatta hayar namiji na sanannen lokaci ko sanannen adadi. Wasu mazhabobin sun hana gaba ɗaya sai dai kyauta. Ni dai abin da nake rubutawa a takarda kuɗin zuwa ne da na magani da na naitirojin da na tsinke mai sanannen awo. Ban taɓa sayar wa kowa ciki ba. Ka kai wa malaminka bayanin yadda aikin yake, ya yi maka hukunci.

Layya kuwa, uwarsa saniya ubansa sa. Abin lura shekaru ne. A Risala sai sa ya shiga shekara ta huɗu, su kuwa 'yan ruwa-biyu jikinsu kan riga shekarunsu. Ɗan wata ashirin sai ya cika ido alhali haƙoran nono ne a bakinsa. A buɗe baki a duba.

Tambaya: In na sayi tsinkayen iri zan iya ajiyewa a firizar gida in riƙa yi da kaina? Na kalli yadda ake yi a YouTube. Daga wani mai karatu, Hotoro.

Amsa: Malam, firizarka in wuta ta zauna digiri 18 ƙasa da sifiri take kaiwa, iri kuma 196 yake so. Ko da ba a ɗauke wuta a Hotoro, asara za ka yi. Daskarar da iri ba sanyi kaɗai ba ne. Sai a 1949 wasu masana a Ingila suka gano cewa sinadarin gilisarin na kare ƙwayoyin iri daga fashewa in sun daskare, kuma har yau da shi da gwaiduwar ƙwai ko madara ake tsinka irin, abin da bijimi ya bayar sau ɗaya a raba shi tsinke ɗaruruwa. A cikin naitirojin yana shekaru da ransa. Ya narke sau ɗaya, ba ya komawa. Tulun kuma kullum yana shan iska, sai ana ƙara masa ruwa a kai a kai, ba a toshe bakinsa, ba a rufe gilashin mota da shi a ciki. Mai shanu biyar ba shi da dalilin sayen tulu. Ku haɗu ku goma a unguwa ku kira mai shi.

Koyo kuwa ina ƙarfafa maka gwiwa, muna da ƙarancin hannu. Amma waya ba ta koya wa yatsa. Mu a kan mahaifun da muke karɓowa daga mayanka muka fara, a shimfiɗa a tebur, ka rufe ido ka yi ta zura bindiga da ruwan shuni, a tsaga a ga inda ka zuba. Je ka kwatar Ƙofar Mazugal da asuba ka ga yadda abin yake. Sannan ka nemi horo a cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ka tuntuɓi cibiyar barbarar shanu ta Kadawa a Garun Malam.

Tambaya: Gaskiya ne ana iya zaɓar namiji? Daga wani mahauci, Fagge.

Amsa: Gaskiya ne, Sarkin Fawa. Akwai irin da aka tace da na'ura, kusan tara cikin goma yakan zo yadda aka zaɓa. Sai dai ya fi tsada nesa, ƙwayoyin da ke cikin tsinken kaɗan ne, ɗaukarsa kuma ta fi wuya. Wanda bai riga ya iya samun rabi da irin gama-gari ba, kada ya soma. Ɗan namiji kuma ya fi girma a ciki, ka tuna da abin da na gaya wa mai karsana.

Tambaya: Baffana ne ya sa in rubuto. Shanunmu huɗu sun yi ɓari a wata na bakwai, mabiyiya ta ƙi faɗowa, bijimin kuma gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya. An ce mu sayar da shi mu koma allura. Daga wani ɗalibi, rugarsu na ƙasar Kiru.

Amsa: Ka gaishe mini da Baffa, ka karanta masa wannan a hankali. Baffa, abin da ka lissafa kamannin bakale ne, ciwon nan mai yaɗuwa da ke sa shanu ɓari, kai ma na san ka zarga. Gaskiya ne allura tana tare wasu cututtukan da bijimi ke yawo da su daga saniya zuwa saniya, masu sa ta yi ta komawa neman sa wata bayan wata. Amma bakale ta baki ta fi shiga. Saniya ta yi ɓari, 'yan'uwanta su zo su lashi ɗan, su ci ciyawar da ruwan ya zuba a kai, kare ya ja mabiyiya ya kai bakin mashaya. Ko ka sayar da bijimin yau, ciwon na cikin garke. In ka zuba iri mai tsada a kansu yanzu, ɗan wata bakwai za ka sake binnewa.

A fara da gwajin jini, na kowa da kowa har bijimin. Ba wuya: ɗigon ruwan jini a kan farin faranti, a gauraya da wani jan ruwa, minti huɗu in ya yi gudaji-gudaji an gani. Wadda ta kamu ba ta da maganin da zai raba ta da shi. Ta kan sake haihuwa lafiya, ka ce ta warke, alhali tana zubar da ciwon a duk haihuwa. Hanyarta mayanka ce, a gaya wa likitan kwata. Na san nauyin wannan magana ga wanda ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta. Amma kada a kai ta kara a sayar wa wani makiyayin ya kai garkensa. 'Yan maruƙa mata kuma a yi musu rigakafi suna wata huɗu zuwa takwas. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar. Ba a yi wa mai ciki, ba a yi wa namiji.

Duk wadda ta sake ɓari a ware ta. Ɗan da mabiyiyar a haƙa rami mai zurfi a binne, wanda zai ɗauka ya sa leda a hannu, kada a ciro mabiyiya da hannu tsirara. Nono kuma a tafasa kafin a sha, a tafasa kafin a kwantar da kindirmo, domin ciwon na kama mutum. Baffa, ka duba gidanka. In akwai wanda zazzaɓi ke kamawa da dare da gumi da ciwon baya da gaɓoɓi, ya sha maganin maleriya ya sha na taifot abin yana tafiya yana dawowa, a kai shi asibiti, kuma a buɗe baki a gaya wa likita cewa shanunku na ɓari, don in ba a faɗa ba ba lallai ya nemi wannan ba.

Kai kuma ɗalibi, ka aiko da kwatancen rugar ta ofishin mujalla. Zan zo da kwalaben jini da sassafe kafin a saki shanu. A ɗaure mini bijimin tun dare.